KARATUN AKU DA KARATUN MAI HANKALI

Yau muna so mu yi magana a kan littattafan da a ke koya wa yara karatu da su, da kuma wani ɗan tsuntsu wanda ya tona mana asirin waɗannan littattafai. Kada wani ya ce maganar tsuntsu maganar yara ce ya wuce. Gaskiya ne ta yara ce, amma yaran nan su ne za su karanta wasiƙa da takardar asibiti da takardar filin gado gobe, in kuwa ba su fahimci abin da su ke karantawa ba, wani ne zai karanta musu ya faɗa musu abin da ya ga dama.

Mu malaman makaranta ne, muna koyarwa tsakanin Fagge da Sabon Gari. Wata rana muka ba wani yaro ɗan aji huɗu littafi, ya tashi ya karanta shafi guda, ba gargada, ba tuntuɓe, har 'yan'uwansa suka tafa masa. Da ya gama muka ce ya rufe littafin ya gaya mana abin da labarin ya ce. Sai ya tsaya yana duban rufin ɗaki. Muka ce to, labarin mutum ne ko na dabba? Ya ce a ba shi littafin ya duba. Wannan yaro ba daƙiƙi ba ne, shi ya ke riƙe wa ubansa lissafin shago a Kantin Kwari ran Asabar. Laifin ba nasa ba ne. Mu da littattafanmu muka koya masa cewa karatu shi ne fitar da sauti daga baki, ya kuwa koya sarai.

LITTATTAFAN DA KE HANNUN YARA

Bari mu fara da waɗanda yara su ke ɗauke da su a jaka yau. Ba za mu kama sunan kowa ba, gama cutar ta game gari. Ka buɗe kusan kowane ɗaya za ka sami darasin tsuntsaye, kuma kusan duk tafiyarsu ɗaya. A ce tsuntsu yana da fukafukai biyu da ƙafa biyu, yana yin ƙwai, yana zama a kan itace. Sa'an nan a jera tambayoyi a ƙasa: fukafukan tsuntsu nawa, ina ya ke zama, me ya ke yi.

Laifin wannan darasi biyu ne. Na fari, ba abin da ya gaya wa yaro wanda bai sani ba tun yana goye. Wane yaro ne a Fagge bai san tsuntsu yana da fukafukai ba, alhali rabin gidajen unguwar da ɗakin tantabaru a soro? Labarin da bai ƙara maka kome ba, ba ka buƙatar hankali wajen karanta shi. Na biyu, tambayoyin ba su neman fahimta, farautar kalma su ke nema. Yaro ya duba tambaya ya ga kalmar zama, ya bi shafi da yatsa har ya sami kalmar zama, ya kwafe layin duka, malam ya ba shi maki. Da za a rubuta darasin da harshen da bai taɓa ji ba, da wannan dabara zai ci rabin tambayoyin.

Akwai kuma waɗansu, yawanci na Turanci, da su ke kuskure ta ɗaya gefen. Su kan kawo labarin tsuntsun da ke tsalle a cikin ƙanƙara a bakin tagar wani gida a Ingila. Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara tana sauka kamar auduga ba, ga baƙon harshe ga baƙon abu, sai ya haddace kawai. Ɗaya littafin ya ba shi abin da ya riga ya sani duka, ɗayan ya ba shi abin da ba shi da inda zai rataye shi. Littafin kirki a tsakani ya ke, ya kama yaro ta inda ya sani ya ja shi zuwa inda bai sani ba.

ABIN DA MAGABATA SUKA BARI

Ba mu rasa abin koyi ba. A 1936 Dokta R. M. East ya gayyaci Malam Abubakar Imam zuwa Zariya don ya rubuta littafin karatu saboda makarantu, aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939. Ƙarfin wannan littafi ga mai koyar da fahimta shi ne, ba ya barin mai karatu ya yi barci. Aku yana ba Musa ɗan Sarki labari, amma mai karatu ya san dalilin labarin: so a ke a riƙe yaron a gida kada ya faɗa tarkon Waziri. Saboda haka yaro yana riƙe da zare biyu a lokaci guda, abin da a ke faɗi da kuma dalilin faɗinsa. Wannan shi ne ainihin fahimta, kuma ba mu san littafin Hausa da ya fi shi koyar da ita ba.

Amma a faɗi gaskiya, akun nan mutum ne aka sa wa gashin tsuntsu. Haka hankakan tatsuniya, haka kurciyarta. Yaron da ya tashi da su kaɗai zai iya gane makircin mutane, amma ba a koya masa yadda a ke karanta bayanin abin da ke akwai ba, irin bayanin da ke cewa abu kaza ya faru saboda abu kaza, ga adadi, ga shaida. Yawancin abin da zai karanta in ya girma kuwa irin wannan ne.

East da Imam sun ga wannan giɓi. Bayan an kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945 suka fitar da Ikon Allah, wanda ya ɗauki halittu iri iri ya bayyana su da Hausa mai daɗi. Niyyar nan ita ce daidai. Sai dai littafin ya wuce shekara saba'in, an gano abubuwa da yawa a bayansa, mu kuma ba mu ganinsa a hannun yaranmu. Hanyar da suka share ta cike da ciyawa, ba a sami masu bi da yawa ba.

SANI SHI KE JAN FAHIMTA

A 1988 waɗansu malamai biyu a Amurka, Donna Recht da Lauren Leslie, suka gwada yara 64. Suka ba su labarin wani wasan ƙwallo na ƙasarsu wanda a ke bugawa da sanda, suka ce kowa ya nuna abin da ya fahimta. Sai ga shi yaran da ba su iya karatu sosai ba amma sun san wasan sun fi waɗanda suka iya karatu amma ba su san wasan ba. Watau abin da ke cikin kan yaro tun kafin ya buɗe littafi shi ne rabin fahimtarsa.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin haka. Almajiri ya karanta guntun jimla, malam ya fassara, ya kawo misali da kasuwa ko gona ko rijiya, sa'an nan a ci gaba. Ba wanda ya ke ce wa mutum masani don ya iya ja da baki kurum. Mu 'yan boko muka zo muka ɗauki jan bakin muka bar bayanin.

BAƘON DA BA A YI WA SHIMFIƊA

To, ina ruwan tsuntsu da wannan? Akwai waɗansu ƙananan tsuntsaye masu siririn baki, masu cin ƙwari, launinsu ƙasa ƙasa ko toka toka, ba su zama wuri ɗaya a kan reshe. Turawa suna kiran danginsu wobla, ma'anarsa mai rera waƙa. Yaranmu suna ganinsu kullum, suna harbinsu da danƙo, amma duk tsuntsu su ke ce musu. Waɗansu 'yan gida ne, nan su ke haihuwa. Akwai ma ɗaya a cikinsu wanda ya ke haɗa ganyaye ya ɗinke su da zaren gizo-gizo ya yi sheƙa a ciki, da muka gaya wa 'ya'yan teloli na ajinmu sai da suka nemi a rantse musu. Waɗansu kuwa baƙi ne daga Turai, su muka sa wa suna baƙin rani a ajinmu.

Su kan iso ƙasarmu in damina ta ja baya, wajen Satumba da Oktoba. Wani ya zauna nan, wani ya wuce Kudu. Wajen Maris da Afrilu su juya. Wanda muka fi magana a kansa shi ne mai farin maƙogwaro da jajayen fukafukai, nauyinsa kamar giram 15, watau kamar goro ɗaya. Akwai ƙaninsa wanda bai kai giram 10 ba, kuma an bi sawun waɗansu irinsa daga gabashin Rasha har ƙasashen gabashin Afirka, tafiyar da ta fi kilomita 12,000.

Tsakaninmu da Bahar Rum akwai Sahara, faɗinta ya kusa kilomita 2,000, kamar mutum ya tafi Ikko daga Kano ya komo. Ɗan tsuntsun nan ba ya ɗaukar salka ko guzuri. Kafin ya tashi sai ya yi ta ci har ya tara kitse, waɗansu har su kusa ninka nauyinsu. A 1967 masana sun zauna a Malam Fatori a bakin Tafkin Cadi suna kama su suna aunawa, suka ga yadda su ke ƙiba da 'ya'yan itacen asuwaki da ƙananan ƙwari kafin su hau hanya. Yawanci da dare su ke tafiya, da rana su sauka su laɓe a inuwar dutse ko ɗan kurmi.

Wannan labari bai kamata ya zama baƙo ga ɗan Fagge ba. Unguwarsa a bayan ganuwa ta ke, kuma tun zamanin da nan ne masaukin ayarin Buzaye da raƙumansu, masu ƙetare wannan Sahara ɗin. Ɗan Sabon Gari kuma, unguwarsa an kafa ta wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, saboda baƙin da suka zo daga Kudu. A ajinmu akwai Hausawa da Yarabawa da Ibo da 'yan ƙabilu da yawa, kusan kowa ya san mutumin da ke zama wuri ɗaya yana neman abinci, ya koma wani wuri in lokacin biki ya yi. Da muka ce tsuntsun nan ɗan cin rani ne, ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Ga kuma shamuwa, wadda kowane yaro ya san zuwanta alamar damina ce. Ita tana isowa lokacin da baƙin rani su ke haramar tafiya, ta yi sheƙa ta haihu a nan, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka. Yaro ya riga ya yarda tsuntsu yana tafiya ya komo. Abin da ya rage a nuna masa akwai masu yin haka ta ɗaya fuskar.

YADDA MUKA GWADA

Kafin a taɓa takarda muka fita da yara da sassafe cikin watan Janairu, muka bi ta lambunan da suka rage a gefen Jakara. Muka ce kowa ya tsaya shiru a ƙarƙashin itace ya ƙirga ƙananan tsuntsayen da ya gani. Waɗanda suka tsaya gindin darbejiya suka komo kusan hannu banza. Waɗanda suka sami ƙayoyi irin su bagaruwa da aduwa suka komo da labari. Ba mu gaya musu dalili ba. Washegari muka rubuta musu wannan a allo:

"Baƙon rani yana cin ƙwari. Ƙwari sun fi taruwa a itatuwan ƙaya. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabon ganye da fure da rani. Darbejiya daga Indiya aka kawo ta, ƙwari kaɗan ne ke cin ganyenta. Baƙon rani yana zuwa Kano bayan damina, ya tafi kafin ruwa ya sauka. A Turai ya ke yin ƙwai."

Sa'an nan muka yi tambayoyin da ba a rubuta amsarsu a ko'ina cikin layukan ba. Don me waɗanda suka tsaya gindin darbejiya ba su ga kome ba? Wane itace ne zai fi yi wa baƙon nan amfani, kuma ƙaƙa ka sani? Don me ba yaron da ya taɓa samun sheƙarsa a Kano? In aka sare gawo aka dasa darbejiya a madadinsa, wa ya ci riba, wa ya yi hasara?

Da farko suka bi allo da ido suna neman kalma, ba su samu ba. Can sai wata yarinya ta ce, ai ba zai yi sheƙa a nan ba, tun da sheƙa don ƙwai a ke yi, shi kuwa ƙwansa a can ya ke. Ta haɗa layi na ƙarshe da abin da ta sani game da kajin uwarta, ta fito da abin da ba mu rubuta ba. Yaron nan mai riƙe lissafin shago shi ya amsa ta ƙarshe. Ya ce mai neman inuwa ya ci riba, tsuntsu ya yi hasara, manomi ma ya yi hasara, don kakansa ya ce gero ya fi kyau a gindin gawo. Wannan ba a allo ya gani ba, daga gida ya zo da shi.

A mako na biyu muka kawo labarin shaida, watau yadda aka san duk wannan. Mutanen Turai na da sun ga tsuntsaye suna ɓacewa da sanyi, har waɗansu suka zaci cikin taɓo su ke kwana. A 1822 aka harbo wani babban tsuntsu ɗan dangin shamuwa a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa, har yanzu yana ajiye a jami'ar Rostok. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, don wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko da labari. Muka tambayi yara: wanne ya fi ƙarfin shaida, mashi ko zobe? Suka yi gardama har aka buga ƙararrawa. Masu zobe suka ce mashi ya nuna Afirka kurum, zobe kuwa yana faɗin gari da rana.

A mako na uku muka kawo abin da ya taɓa gidajensu. A 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka ga mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Suka bincika, a 1974 suka buga abin da suka gano: ƙarancin ruwan sama ne a ƙasashenmu na bakin Sahara, farkon farin nan da ya kai ga yunwar 1973. Muka ce kowane yaro ya tambayi tsoho a gidansu abin da ya tuna na wannan shekara, ya rubuto layi biyar. Abin da suka kawo ya fi duk abin da ke cikin littafin ajin, na mutuwar shanu da na mutanen da suka sauko daga arewa suna neman abinci. Ashe tsuntsun da su ke harbi da danƙo ya kai labarin yunwar kakanninsu Ingila tun kafin jaridu su kai.

MASU JA DA WANNAN

Wani zai ce, ai jarrabawa ba ta tambayar tsuntsu. Gaskiya ne. Amma tana tambayar don me da ƙaƙa, yaron da ya saba haɗa layi da layi a kan tsuntsu zai haɗa su a kan kome. Wani zai ce birni ya cika, itatuwa sun ƙare, an rufe wani sashe na Jakara da titi. Wannan ma gaskiya ne, kuma mun sha wahala kafin mu sami wurin tsayawa. Amma rashin itacen shi kansa darasi ne, yara sun fi mu lura da shi. Wani kuma zai ce aji mai yara fiye da ƙima ba a fita da shi yawo. Shi ne ƙorafin da ya fi nauyi, mu ma kashi kashi muka fita da su, kuma ba kowane malami ke da mai taya shi ba.

Ba mu ce mako uku ya warkar da ciwon shekara huɗu ba. Har yanzu akwai waɗanda ba su gama haɗa baƙi da wasali ba, su kam sai an koma musu tushe, ba tsuntsun da zai yi musu wannan aiki. Kuma ba mu ce lalle sai tsuntsu ba. Rini a Ƙofar Mata, ko tafiyar goro daga kurmi zuwa Kano, kowanne zai yi, muddin yaro ya san bakin zaren, kuma akwai abin mamaki a ƙarshensa. Mun zaɓi tsuntsu ne don ba a sayensa, yana zuwa da kansa kowace shekara.

ROƘONMU GA MARUBUTA

Abin da mu ke nema ga masu rubuta littattafan yara kaɗan ne. Ku ba da labarin da ke da wani abu a ciki, da adadi da dalili, ko da a Hausa mai sauƙi ne. Ku tsaya a kan abu guda har darasi biyar ko shida, kada yau tsuntsu gobe jirgin sama jibi tsabtar haƙori, gama sani tara shi a ke yi. A kowane darasi ku sa ko da tambaya ɗaya wadda yatsa ba zai iya nuna amsarta ba. Masana suna nan kusa, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye a dajin Amurum kusa da Jos, akwai fadamun Haɗejiya da Nguru inda baƙin nan su ke sauka, ba sai an je Turai neman labari ba. Ku kuma tambayi tsofaffin mafarauta da manoma sunayen da su ke kiran ƙananan tsuntsaye da su, a rubuta kafin su tafi da su. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi, yaro ma da abin gidansu ya ke fara fahimta.

Iyakar abin da muka gani ke nan. Malamin da ya gwada a nasa aji ya ga saɓanin haka, ya rubuto wa Edita mu ƙaru.

Wani Malamin Makaranta,
Fagge, Kano.